Yadda Rana Ta Zaɓa Wa Jiragen Ƙirar Gida Launi

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, kuma ta shafi wani abu da ba kasafai ake rubutu a kansa da Hausa ba, wato fentin jirgin sama. Jiragen da nake nufi su ne ƙananan nan masu ɗaukar mutum ɗaya zuwa huɗu, waɗanda mutane ke ƙerawa da hannunsu a garejin gida a Amurka da Turai.

A garin Oshkosh da ke jihar Wisconsin ta Amurka ake yin babban taron shekara-shekara na masu wannan sha'awa tun daga 1970. Duk wanda ya kalli hotunan taron na shekarun 1970 da 1980 zai ga wani abin mamaki. Jiragen da aka yi da alminiyom ko da katako da yadi sun sha ado, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowa da son ransa. Amma waɗanda aka yi da faiba, kusan dukkansu farare ne sol, kamar an haɗa baki. Mutumin da ya shafe shekara biyar yana ƙera jirgi, ya kashe kuɗinsa, ya hana idonsa barci, me zai hana shi shafa masa launin da yake so? Amsar tana cikin abin da aka gina jirgin da shi. Dabarar da ta ba mutum damar ƙera jirgi a gidansa, ita ce kuma ta ƙwace masa 'yancin zaɓen launi.

Tun farkon tarihin jirgin sama, abin da ake shafa wa jikinsa aiki yake yi kafin ado. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ƙashinsu katako ne, fatarsu kuwa yadi. Ana shafa wa yadin wani ruwa mai kauri da ake kira dof, wanda idan ya bushe sai ya ja yadin ya ɗame kamar fatar ganga, ya kuma hana iska da ruwa ratsawa. Nan da nan aka gano matsaloli biyu. Ta farko, hasken rana yana cin yadin ta cikin dof ɗin idan ba shi da launi, har ya ruɓe ya yage. Wannan ya sa a Ingila aka riƙa zuba wa dof launi mai duhu, tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, don kare yadin. Daga baya kuma aka koma zuba garin alminiyom a ciki, shi ya sa tsofaffin jirage da yawa ke da launin azurfa. Matsala ta biyu ta fi muni. Wani sinadarin da ake narka dof da shi yana lalata hanta. Ma'aikatan masana'antun jirage a Ingila, mata da maza, sun kamu da shawara saboda shaƙar tururinsa, wasu har suka rasa rayukansu, sai da aka daina amfani da shi kafin yaƙin ya ƙare. Ke nan tun daga wancan lokaci tambayoyi biyu ke bin fentin jirgi: me rana za ta yi wa jirgin, kuma me fentin zai yi wa mai shafa shi.

Da aka koma ƙera jirage da alminiyom, sai tambayar farko ta yi sauƙi. Alminiyom bai damu da zafin rana ba, hasken ma ba ya cin sa. Abokin gabarsa shi ne tsatsa irin tasa, kuma fentin ƙasa mai kyau yana maganinta. A kan wannan sai mutum ya ɗora launin da ya ga dama, ko ma ya bar ƙarfen tsirara ya goge shi ya riƙa walƙiya.

Sauyi ya zo daga Jamus. A 1957, Hermann Nägele da Richard Eppler na ƙungiyar ɗaliban jami'a masu ƙera jirage a Stuttgart suka tashi wani jirgi mara inji mai suna Phönix. Irin waɗannan jirage ja ake yi a kai su sama, sannan su yi ta shawagi da iska mai ɗumi kamar shaho. Phönix shi ne na farko a cikinsu da aka yi da zaren gilashi. Yadda abin yake shi ne, ana saƙa zaren gilashi siriri ya zama kamar yadi, a jiƙa shi da wani ƙaro na masana'anta, idan ƙaron ya daskare sai su zama abu guda mai ƙarfi da rashin nauyi. Shi ne muke kira faiba, irin wanda ake yin kwale-kwale da wasu tankunan ruwa da shi. Zaren ne ke ɗaukar nauyi, ƙaron kuma shi ke riƙe zaren a wurinsa. Idan ƙaron ya saki, zaren ya koma yadi kawai.

To a nan gizo ke saƙar. Kowane irin ƙaro yana da wani matakin zafi da idan ya kai shi zai fara laushi, ya tashi daga tauri irin na gilashi ya koma kamar roba. Ƙaron da ya daskare a zafin ɗaki, ba tare da an gasa shi ba, matakinsa yana ƙasa sosai, wajen digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos. Kowa kuwa ya san bambancin dafa hannu a kan farar mota da baƙar mota da tsakar rana. A ranar da iska ta kai digiri 40, farin jiki kan tsaya a kusa da hamsin da 'yan kai, baƙi kuma yana iya haura 80. Wannan ya sa ƙa'idojin Turai suka tanadi a gwada ƙarfin jirage marasa inji a zafin digiri 54, bisa sharaɗin cewa jikinsu fari ne. Farin launi ya zama wani ɓangare na lissafin injiniya, daidai da kaurin fiffike.

Masana'antun Jamus suna gina jiragensu a cikin mazubi. Kafin a shimfiɗa zaren, sai a fara fesa wani farin shafi mai kauri a cikin mazubin, ta yadda idan aka ciro fiffiken zai fito da fatarsa fara mai santsi. Wannan shafin yana da kyau ƙwarai yana sabo, ga shi ana iya goge shi har ya zama kamar madubi. Illarsa sai da shekaru suka ja ta bayyana. Ba ya lanƙwasa yadda fiffike ke lanƙwasa, ga sanyin sama, ga zafin ƙasa, sai ya fara tsattsagewa kamar tsohon faranti. Idan aka bari, tsagar takan kai ga zaren da ke ƙasa. Gyaransa kuwa sai an kankare shi gaba ɗaya da samfefa, aikin makonni.

A Amurka labarin ya bi wata hanya. Dokar ƙasar ta yarda mutum ya ƙera jirgi don ilimi ko nishaɗi, a ba shi izinin tashi a matsayin jirgin gwaji, muddin shi ya yi mafi yawan aikin, abin da masu harkar ke kira dokar kashi 51. A 1953 Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar EAA a Milwaukee don haɗa kan masu wannan sha'awa, ita ce kuma ke shirya taron Oshkosh. Shekaru da dama mambobinta da katako da bututun ƙarfe da yadi da alminiyom suke aiki. A 1972 wani mai suna Ken Rand ya kawo ƙaramin jirginsa KR-1 taron, wanda ya haɗa katako da soso mara nauyi da yadin roba da ƙaro, ya ɗora masa injin motar Volkswagen. Mutane suka ga cewa ashe ana iya sassaƙa siffar jirgi daga soso.

Wanda ya kai dabarar ƙarshenta shi ne Burt Rutan, injiniyan da ya yi aikin gwajin jirage a sansanin sojan sama na Edwards, kafin ya buɗe ƙaramin kamfaninsa a Mojave, cikin hamadar Kalifoniya, a 1974. A 1975 jirginsa VariEze ya tashi, jirgi mai siffa ta daban, inji a baya, ƙaramin fiffike a gaba. A 1979 kuma ya fito da wansa mai suna Long-EZ. Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne hanyar ginin. Babu buƙatar mazubi, babu buƙatar tanda. Ka sayi soso mai tauri, ɗan'uwan farin nan mara nauyi da ake tare talabijin da shi a cikin kwali, ka yanka siffar fiffike da waya mai zafi, ka shimfiɗa yadin gilashi a kai, ka shafa ƙaron ifoksi da buroshi, ka bar shi ya kwana. Da safe ka sami fiffike. Rutan zanen gini yake sayarwa, kuma mutane dubbai suka saya kafin ya daina sayarwa a 1985.

Sai dai ƙaron da zai daskare a gareji ba tare da tanda ba, shi ne mai laushi da wuri. Soson da ke ciki ma ba ya jure zafi mai yawa. Rutan kuwa a hamada yake zaune, ya san abin da rana ke yi wa abin da aka ajiye a fili. Saboda haka umarninsa ga masu gini bai da kwana-kwana: jirgin fari za a yi masa, musamman saman fiffike da saman jiki, inda rana ke duka kai tsaye. In ana son ado, a ja siririn layi mai launi a gefen jiki, inda ba a kan ɓangaren da ke ɗaukar nauyi ba. Wanda ya ƙi ji ya shafa launi mai duhu, ya bar jirginsa a rana, zai iya tarar da fatar ta kumbura ko ta rabu da soson, ko fiffiken ya ɗan sauya siffa. Mafi hatsari shi ne ya hau ya tashi alhali jikin jirgin na da zafi, ƙarfinsa bai kai wanda aka lissafa ba.

Zafi rabin aikin rana ne kawai. Ɗaya rabin shi ne wasu haskoki da ido ba ya gani, waɗanda suka ruɓar da yadin jiragen 1914. Su ma suna cin ƙaron ifoksi, su mai da shi rawaya, ya riƙa gari, har zaren ya fito fili. Farin fenti siriri ba lallai ne ya tare su duka ba. Don haka masu ginin farko suka riƙa shafa fentin ƙasa mai duhu, mai ɗauke da baƙin gari irin na gawayi, sannan su rufe shi da fari. Baƙi a ciki yana tare hasken, fari a waje yana korar zafin. Daga nan ne masu harkar suka fahimci cewa abin da suke zaɓa jeri ne na shafe-shafe, kowanne da aikinsa, kuma dole kowanne ya yarda da na ƙasansa da na samansa.

Jerin yana farawa tun kafin fenti. Jirgin da aka gina ba tare da mazubi ba yana fitowa da fata mai kaushi, saƙar yadin a bayyane. Sai a kwaɓa ƙaro da wani farin gari mara nauyi, wanda a zahiri ƙananan ƙwallayen gilashi ne masu iska a ciki, a shafa kamar yadda mai gyaran jikin mota ke shafa fila, a goge da dogon katako mai samfefa. A sake shafawa, a sake gogewa. Masu gini da yawa sun shafe ɗaruruwan sa'o'i a wannan mataki kaɗai. Bayan haka sai yaƙi da ƙananan ramuka kamar bakin allura da ke cike da fatar. Feshi ba ya cika su, tsallake su yake yi, sai an fesa fentin ƙarshe su bayyana kamar zanzana. Dole a cusa musu fentin ƙasa da abin gogawa ko da rola. Akwai kuma darasin da aka koya da tsada: wasu kayan cikon da aka aro daga masu gyaran mota, na dangin foliyesta, ba sa kama ifoksi da kyau, bayan 'yan shekaru sai su ɓare su tafi da fentin da ke kansu. Idan kuma irin wannan ƙaro ko tina ya sami hanya ya taɓa soson da ke ciki, narkar da shi yake yi.

Nauyi ma yana cikin lissafi. Ciko da fenti na iya ƙara wa ƙaramin jirgi kilo goma ko fiye, kuma kowane kilo ragi ne daga mai ko kaya. Amma inda nauyin fenti ke zama batun rai shi ne a kan ɓangarorin da ke motsi, waɗanda matuƙi ke juya jirgi da su, a bayan fiffike. Ana daidaita nauyinsu da dalma a gaba don kada su yi rinjaye ta baya. Idan fenti ya yi musu yawa, rinjayen ya koma baya, a wani matakin gudu sai su kama karkarwa mai tsanani wadda ke iya karya fiffike cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa ƙa'ida ta ce bayan an gama fenti a cire su a sake gwada daidaitonsu, in sun gaza a kankare a sake. Haka kuma ƙaramin fiffiken gaba na jiragen Rutan yana son fata mai santsi sosai. Tudun da bakin layin fenti ke bari a gabansa, ko ɗigon ruwan sama, ya isa ya dagula yadda iska ke bi ta kansa, matuƙi ya ji jirgin ya sauya hali a hannunsa.

Fentin saman kansa ya sauya da zamani. Masu ginin farko fentin mota na lokacinsu suka yi amfani da shi, mai saurin bushewa da sauƙin gyara, amma mai saurin dushewa da tsagewa. Daga baya aka raja'a ga fentin foliyuritan, wanda asalin sinadarinsa Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. Gwangwani biyu ne ake haɗawa, idan ya daskare yana da sheƙi, yana jure mai da rana, yana kuma bin fiffike idan ya lanƙwasa. Hatta masana'antun jirage marasa inji sun fara ba masu saye zaɓinsa a madadin tsohon farin shafinsu mai tsagewa. Sai dai tambaya ta biyu ta 1914 ta dawo a nan. Gwangwani na biyu yana ɗauke da sinadarin da ke illata huhu, yana haddasa asma mai tsanani, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ya shaƙa daga baya sai ciwon ya tashi. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Shawarar masana ita ce mai feshi ya sa abin rufe fuska da ake turo masa iska mai tsabta daga waje. Mai kamfani yana da ɗakin feshi, mai gareji kuwa sau da yawa ɗakin kwanan 'ya'yansa na jikin bangon. Wannan ya sa wasu ke kammala komai da hannunsu, su kai wa ƙwararru feshin ƙarshe, wasu kuma suka koma ga sababbin fenti da ake sirkawa da ruwa. Su ma waɗannan, in masu gwangwani biyu ne, ba su rabu da sinadarin gaba ɗaya ba.

Akwai wani dalilin da ya sa zaɓen ke da nauyi. Jirgin alminiyom in fentinsa ya tsufa, ana shafa masa ruwan cire fenti a wanke a sake sabo. Jirgin faiba ba ya yarda da wannan, domin ruwan da ke narka fenti yana cin ƙaron da ke ƙasa. Sai dai samfefa, a hankali, ana kaffa-kaffa kada a yanki zaren. Don haka masu gini da dama sukan tashi jirginsu da fentin ƙasa kawai na wasu watanni, ƙaro ya gama zama, a gama duk gyare-gyaren da gwaji ya nuna, sannan a yi fentin ƙarshe sau ɗaya.

Launi ya dawo ne ta hanyar tanda. Idan aka gasa ƙaro bayan ya daskare, matakin laushinsa yana hawa. Wasu masu gini sukan yi wa fiffike rumfa ta baƙar leda a rana, ko akwati mai na'urar ɗumama, su tallafe shi sosai don kada ya lanƙwashe, su bar shi ya gasu na sa'o'i. Kamfanoni kuma suka fara sayar da jirgi a matsayin ɓangarorin da aka riga aka ƙera. Tom Hamilton ya fito da Glasair a farkon shekarun 1980. Lance Neibauer, wanda asalinsa mai zane ne kuma ya taɓa gina jirgi irin na Ken Rand, ya kawo Lancair taron Oshkosh a 1985, da ɓangarorin da aka gasa a tanda mai zafi fiye da digiri 100. Irin waɗannan sun fi jure rana, shi ya sa ake ganinsu da launuka. Duk da haka mai ginin ne ke haɗa ɓangarorin a gida da ƙaron da ke daskarewa a zafin ɗaki, don haka har yau ana gargaɗi a kan launi mai duhu a saman fiffike. Wanda ya sayi ɓangarori ya sami launi, amma ya biya kuɗi da yawa fiye da mai soso da waya mai zafi.

Ko jiragen faiba da kamfanoni ke ƙerawa gaba ɗaya ba su kuɓuta ba. Ƙaramin jirgin koyon tuƙi na kamfanin Diamond mai suna DA20 yana da wata alama a jikinsa da ke sauya launi idan ƙashin jirgin ya kai digiri 55, kuma idan ta sauya ba a tashi sai ya huce. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama ta Zariya tana amfani da wasu jiragen wannan kamfani. Mazauna Zariya da ke ganin ƙananan jirage farare suna kewaya gari, wannan tarihin ne ke wucewa ta kansu.

Saboda haka mai ƙera jirgin faiba a yau yana bin tambayoyin ne a jere, kuma launi ne na ƙarshe. Wane ƙaro aka yi amfani da shi, kuma a wane zafi zai yi laushi? Me mai zanen jirgin ya yarda da shi? Me zai tare hasken da ke cin ƙaro? Shin ciko da fentin ƙasa da fentin sama 'yan gida ɗaya ne? Nawa za su ƙara a nauyi, kuma a ina? A ina za a yi feshin, kuma wa zai shaƙi tururin? Idan ya amsa waɗannan, sau da yawa zai tarar zaɓi ɗaya ya rage masa, wanda Jamusawa suka tsaya a kansa a shekarun 1950, Rutan kuma ya maimaita a 1975.

Kalmomin da na yi amfani da su, irin su ƙaro da mazubi da fentin ƙasa, wasu daga bakin masu gyaran mota na ɗauko, wasu kuma aro ne daga tsofaffin sana'o'inmu. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa, musamman in yana aikin fenti ko faiba, ya kawo mu ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.